Fashin Baƙi: In Aka Fiɗiye Kare, Zuciyarsa Ta Mutu Ke Nan?

Shin da gaske ne in aka fiɗiye kare namiji zuciyarsa ta mutu, ba zai ƙara tsayawa ɓarawo ba? Tambayar nan ta yawaita a Kaduna tun da rashin tsaro ya sa gidaje da yawa suka koma ajiye karnuka, daga Malali da Unguwar Rimi zuwa Barnawa da sababbin unguwannin bayan gari inda za ka ga gida ɗaya tsaye cikin kangwaye. Mutanen da iyayensu ba su taɓa barin kare ya shigo zaure ba, yau suna zuba kuɗi masu kauri su sayi na gadi. Kowa kuma da abin da aka faɗa masa ranar da ya saya. Wani an ce masa kada ya kuskura a taɓa wa karen maraina, zai zama rago, ya kwanta yana kallo a kwashe kayan gida. Wani an ce masa in karen ya cika faɗa a fiɗiye shi kawai, zai yi sanyi kamar taure. Na uku kuwa yawon neman allura yake yi wadda za ta buɗa wa nasa ƙirji, don ya riƙa kai shi barbara ana biyansa.

Duka ukun a kan abu ɗaya suke magana, ko sun san sunansa ko ba su sani ba: sinadarin da marainan kare ke zubawa cikin jini. Kuma duka ukun sun ɗora masa aikin da ba nasa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, saboda haka zan kira gaɓoɓin da sunayensu.

Daga ka umarnin yake saukowa

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke haɗawa ta zuba cikin jini, jinin ya kai shi ga wata gaɓa ta daban ya ba ta umarni. Ɗan aike ne. Kakanninmu sun san aikinsa tun ba a raɗa masa suna ba. Sun ga bunsuru da wari da bin awaki, sun ga taure da ƙiba da natsuwa, sun san daga maraina bambancin yake. Abin da ya shige wa mutane duhu shi ne hanyar da maraina ke bi su isar da saƙo har ga murya da hali. A 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru, suka tashi ba cara, ba faɗa, zankayensu suka ƙi girma. Sai ya dasa wa wasunsu marainan a jikin hanji, inda tsofaffin jijiyoyinsu ba su kai ba, kuma waɗannan suka tashi cikakkun zakaru. Nan ya gane ta jini saƙon ke bi. Sai a 1935 aka tace sinadarin, aka kira shi testosteron.

To amma ba maraina ke da gari ba, su ma umarni suke jira. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai ɗan wani yanki da ake kira haifotalamus. Shi ke sakin homon na farko mai suna GnRH, kuma ba kwarara yake yi ba: a saki a tsaya, a saki a tsaya, dare da rana. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Saƙon ba ya yin nisa, domin ƙarƙashin wurin kaɗan akwai ƙullutun fituwitari, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Da saƙo ya iso masa sai ya saki homon biyu cikin jini, LH da FSH. Kamar dai sarki ya ba hakimi umarni, hakimi ya tashi 'yan aike biyu zuwa ƙauye ɗaya, kowa da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Cikin maraina cike yake da siraran bututu a nannaɗe. A tsakankanin bututun akwai ƙwayoyin Leydig, su LH ke tasa, su ke haɗa testosteron. A cikin bututun kuma akwai ƙwayoyin Sertoli, su FSH ke yi wa magana. Aikinsu reno ne: su ke riƙe da 'ya'yan maniyyi tun suna ɗanye, su ciyar da su, su kare su, har su yi kai da wutsiya. Ba kuma za su iya renon ba sai testosteron ya jiƙa wurin sosai, fiye ƙwarai da yadda yake a sauran jini.

Daga maraina testosteron yake bazuwa. Shi ke faɗaɗa wa kare kai da wuya, ya cika masa tsoka, ya sa shi bin mace, ya sa shi ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a kowace turakar lantarki don sauran maza su san ya wuce. A wasu gaɓoɓin jiki yakan juye ya zama wani abu: a furostet, ƙullutun da ke bakin mafitsara, ya zama sinadarin da ya fi shi ƙarfi, DHT, a ƙashi da ƙwaƙwalwa kuma wani kasonsa ya zama istirojin, wato homon ɗin da aka fi sani da mata. Namiji ma yana buƙatarsa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a tsarin nan shi ne rahoton da ke komawa sama. In testosteron ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa da fituwitari suna ji, sai su rage aike. In ya yi ƙasa, su ƙara. Ƙwayoyin Sertoli ma suna da nasu rahoton, wani homon mai suna inhibin, da ke cewa a sassauta FSH. Duk wanda ke da tankin ruwa mai ƙwallon nan da ke rufe famfo in tanki ya cika, ya san yadda abin yake.

Allurar ƙarin ƙarfi, wadda ke kashe haihuwa

Daga nan kuskuren mai neman allura ya fito fili. In ka ɗura wa kare testosteron daga waje, ko ire-irensa da masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su, jininsa zai cika da shi. Ƙwaƙwalwa ba ta san daga kwalba ya fito ba, abin da ta ji kawai shi ne tanki ya cika. Sai ta rufe famfo: LH ya ɗauke, FSH ya ragu, ƙwayoyin Leydig su daina aiki, testosteron ɗin cikin maraina ya faɗi ƙasa warwas duk da na jini yana sama. Karen zai yi ƙirji, zai yi ta hawan mace, mai shi yana murna, alhali marainansa motsewa suke yi, maniyyinsa kuma ya zama ruwa kawai. Ga wahalar da wasu daga cikin magungunan ke ba hanta, ga kumburin furostet, in kuwa ɗan kare ne da bai gama girma ba, suna iya rufe masa ƙashi ya tsaya gajere. A ganina wannan zalunci biyu ne: an cuci dabbar, an kuma cuci wanda ya biya kuɗin barbara ya koma yana zargin karyarsa da juya.

Akwai kuma lissafin kwanaki da masu kiwon iri ya kamata su haddace. Ɗan maniyyi ɗaya yana ɗaukar kimanin kwana 62 kafin ya kammalu a cikin maraina, sannan ya yi wajen mako biyu a cikin murɗaɗɗen bututun da ke manne da su, inda yake nuna ya koyi iyo. Jimla kusan mako 11 ke nan. Abin da kare ya fitar yau, wata biyu da rabi da suka wuce aka ɗora girkinsa. Maraina kuma sanyi suke so, shi ya sa Allah Ya rataye su a waje, inda ba su kai cikin jiki ɗumi ba. Kare ya yi zazzaɓin kaska mai zafi, ko a kulle shi cikin kejin kwano a kan siminti a zafin Maris da Afrilu, ingancin maniyyinsa na iya faɗuwa, kuma ba zai dawo daidai ba sai sabon zubi ya iso. Wanda zai kai karensa barbara a watan gobe, kulawar da ya yi masa tun watan jiya ita za ta yi magana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kare ya hau mata biyu uku babu ciki, abin yi shi ne a kai shi likitan dabbobi ya duba maniyyin a madubin likita, a kuma gwada jininsa saboda cutar burusela ta karnuka, wadda ke kumbura maraina, ta sa mata ɓari, tana kuma iya kama mutum. Awon testosteron sau ɗaya ba ya gamsarwa, tunda hawa da sauka yake yi cikin yini guda. Asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Kaduna.

Namiji ba shi da lokaci, karya ce ke da shi

Sau da yawa za ka ji an ce lokacin barbarar karnuka ya zo, mazan sun haukace. Ba mazan ne ke da lokaci ba. Kare namiji yana balaga tsakanin wata 6 zuwa 12, manyan iri sukan ɗan jinkirta, kuma daga ranar a shirye yake duk shekara, rani da damina. Karya ce ke zuwa kusan sau biyu a shekara, ta yi mako biyu zuwa uku tana sakin wari a fitsarinta da jikinta. Namiji yana ɗaukar warin nan da hanci, da kuma wata gaɓa ta musamman da ke saman ganɗarsa, shi ya sa za ka ga yana lasar inda ta yi fitsari haƙoransa na kaɗawa.

Na ga wannan da idona a gidan wani maƙwabcina. Karensa, ruwa biyu ne tsakanin na gida da Jaman Shefad, wanda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda, ya yi kwana uku ba ya taɓa abinci. Tuwon da aka zuba masa ya bushe a kwano har kiyashi sun kewaye. Da dare ba haushi yake yi ba, wani irin kuka ne mai tsawo, yana tono ƙarƙashin ƙofar gida har faratansa suka yi jini. A dare na huɗu ya taka tulin bulo ya haura katanga. Da asuba muka haɗu da mai gidan a hanyar masallaci, ya ce da ni, "Malam, wallahi jiya da ido biyu na kwana. Na ajiye mai gadi, ga shi ni nake gadin gidan." Sai bayan kwana biyu karen ya dawo, kunne a yage, yana ɗingishi, ƙuda na bin raunin cinyarsa. Ashe wata karya ce a wani kango can bayan layi, maza sun fi biyar a kanta.

Wannan shi ne abin da mai tsoron fiɗiya ba ya sawa a lissafi. Karen da ba ya gida ba ya gadi. Abin da yake kwasowa a yawon kuma ya wuce yagaggen kunne. Akwai wata irin sankara da karnuka ke shafa wa juna wajen barbara, wadda ƙwayoyin sankarar ne da kansu ke tsallakawa daga jiki zuwa jiki: tsiro ja mai kama da farin kabeji a al'aura, yana ɗigar jini. Ta zama ruwan dare a karnukan da ke yawo, ko da yake tana jin magani ƙwarai in an yi allurar binkiristin mako-mako a hannun likita. Sannan ga uwa uba, ciwon haukan kare, wanda ke bin cizo, kuma a irin faɗan nan na maza a kan mace ake cizon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga kare suke samu. Karen da ya kwana biyu a kango, shi ne zai dawo ya lashi hannun yaron gida.

Bari in ratsa nan in roƙi iyaye wani abu. In yara suka ga kare da karya sun maƙale, sukan bi su da jifa da sanda. Maƙalewar nan halitta ce: gindin al'aurar namijin ne ke cika da jini ya kumbura, jikin macen ya riƙe shi, sai a yi minti 5 zuwa 30 kafin ya saki da kansa. Duka ko fizga yana yaga su duka biyun, yana kuma iya karya ɗan ƙashin da ke cikin al'aurar namiji, ga shi dabba mai jin zafi cizo take kaiwa. A janye yara, a bar su.

Abin da fiɗiya ke cirewa, da abin da ba ta taɓawa

Da zarar an cire maraina, testosteron yana faɗuwa cikin ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ta yi ta aike, LH ya yi ta hauhawa, amma babu mai amsawa. Halayen da suka rataya kai tsaye a wuyan homon ɗin su ne ke raguwa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ciki har da Benjamin Hart, sun bi diddigin wannan. A binciken 1976 a kan karnuka 42, yawon bin mata ya ragu a kashi 90 cikin 100, faɗa da sauran maza da hawan mutane da fitsarin sa alama a cikin gida kuma suka ragu a rabinsu ko fiye kaɗan. A wani na 1997, sun sake samun cewa yawo da hawa da sa alama su ne suka fi sauyawa, amma yadda kare ke tasar wa baƙon da bai sani ba, fiɗiya ba ta yi masa wani tasirin a zo a gani ba.

Ga amsar tambayarmu ke nan, kuma ta sari ɓangarori biyu. Gadi ba daga maraina yake ba. Daga iri yake, da horo, da yadda kare ya ɗauki gida a matsayin nasa. Shi ya sa karya, wadda ba ta da maraina tun asali, take gadi har wani lokaci ta fi namiji tsayawa. Fiɗiyayyen kare zai ji motsi a bayan katanga kamar da, zai kuma tashi kamar da. Haka kuma wanda ya yi zaton wuƙar likita za ta gyara masa kare mai cizo, ya yi ta jira. Yawancin karnukan da ke cizon mutanen gida tsoro ne ke sa su, ko ɗaurin sarƙa dare da rana, ko duka, ko kuma tun suna ƙanana an kulle su ba su saba da mutane ba saboda wai su yi zafi. Irin wannan, fiɗiya ba ta warkar da shi, akwai ma rahotannin da ke nuna matsoracin kare na iya ƙara tsoro bayanta. Sannan abin da kare ya riga ya koya ya zama ɗabi'a ba ya goguwa rana ɗaya. Ko ɗaga ƙafa wajen fitsari, yawancinsu ba sa bari, domin tun kafin haihuwa da kwanakin farko bayanta homon ya riga ya tsara ƙwaƙwalwar a kan tsarin namiji.

Zancen ragwanci fa? Yana da tushe, amma ba inda ake zato ba. Bayan fiɗiya jiki ba ya ƙona abinci kamar da, ci kuma yana ƙaruwa. In aka ci gaba da cika kwano yadda aka saba, kare zai yi teɓa, mai teɓa kuwa kwanciya yake so. A rage masa abinci, a riƙa fita da shi yana motsa jiki.

In kare ya manyanta

Testosteron yana da bashin da yake karɓa a tsufa. Furostet, ƙullutun da ya kewaye hanyar fitsari a bakin mafitsara, shi ke samar da mafi yawan ruwan maniyyin kare, kuma muddin DHT na isa gare shi girma yake yi. Yawancin karnukan da ba a fiɗiye ba, in sun wuce shekara biyar, nasu ya fara kumbura. Da yawa ba sa nuna komai. Wasu kuwa za ka ga jini yana ɗiga daga kaciyarsu ba tare da fitsari ba, ko suna ta yunƙurin kashi, in ya fito ya fito a baje kamar an danne shi. Fiɗiya tana sa furostet ɗin ya motse cikin 'yan makonni. Wanda ake son irinsa kuma likita na iya ba shi finasterayid, maganin da ke hana testosteron juyewa zuwa DHT ba tare da ya tsayar da haihuwa ba. Sai dai a sani, fiɗiya ba ta hana sankarar furostet, wannan cuta ce daban. Akwai kuma ƙurajen da ke tsirowa tsofaffin maza a gefen dubura, da ɓullowar hanji ta gefen wutsiya, duka sun fi kama waɗanda ba a fiɗiye ba.

Mai sayen ɗan kwikwiyo, ga abin da zai duba da hannunsa kafin ya biya. Ana haihuwar kwikwiyo marainansa ba su sauko ba, sukan iso jakarsu kafin ya cika wata biyu. In ya kai wata shida ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba, to sun maƙale ke nan a ciki ko a matsematsi. Wanda ya maƙale ba ya yin maniyyi saboda zafin ciki, amma yana ci gaba da yin homon, kuma haɗarin ya zama ƙari ya ninka na lafiyayye sau da yawa. Wani lokaci ƙarin na ƙwayoyin Sertoli ne, sai ya shiga zuba istirojin: gashin kare ya zube daidai wa daida a gefe biyu, nonuwansa su kumbura, sauran maza su riƙa binsa kamar mace, har ɓargonsa ya iya daina yin jini. Mutane sukan ɗauka ƙazuwa ce su yi ta shafa masa baƙin mai. Matsalar gado ce, don haka kare mai maraini ɗaya bai kamata a kai shi barbara ba komai kyansa, mai sayarwar da ya ɓoye wannan kuwa ha'inci ya yi.

Masu cewa a bari, da batun lokaci

Waɗanda ba sa son fiɗiya ba duka ne ke kan kuskure ba. Wani dattijo mafarauci da na taɓa zantawa da shi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, na ji. Amma karen nan da kake gani, kakansa ma a hannuna ya tashi. In na yanke shi, ina zan samo irinsa?" Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Fiɗiya in an yi ta ba a warware ta, kuma karnukanmu na gida masu jure zafi da kaska, masu hanci da gudu, dukiya ce da bai kamata a ƙarar ba saboda kwaɗayin na waje. Kare mai nagarta, mai lafiya, wanda mai shi ke iya tsare shi, babu dole a taɓa shi.

Akwai kuma masu duba ta fuskar addini. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai kuma sun yi bayani a kan fiɗiye dabba, wasu sun halatta in akwai maslaha, wasu sun ƙi. Mai shakka ya tambayi malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtar da dabba. Ɗaure wa kare maraina da roba, ko dandaƙe su da dutse, ko yanka da reza a bayan gida ba tare da allurar barci ba, azaba ce, kuma tana ƙarewa da zubar jini ko ruɓewa. Abin da ake yi wa ɗan akuya ba shi ake yi wa kare ba. Aikin likitan dabbobi ne, a ɗakin tiyata.

Batun lokaci shi ne inda masana kansu suka sauya ra'ayi. Da can ana cewa a yi tun kare na da wata shida. Amma homon ɗin maraina ne ke rufe bakin ƙashi ya ce girma ya isa, in aka cire su da wuri sai ƙasusuwan ƙafa su zarce kaɗan, gaɓɓai su sauya zama. Binciken da masanan Davis suka fitar a 2016 a kan Jaman Shefad ya nuna kashi 7 cikin 100 na mazan da ba a fiɗiye ba sun samu ciwon gaɓɓai, waɗanda aka yi wa kafin shekara ɗaya kuwa kashi 21. A ƙananan iri ba a ga irin wannan bambanci ba. Tunda manyan karnuka ne suka cika gidajen Kaduna, su Jaman Shefad da Rotwaila da Bowabul da Kokeshiyan, ni dai shawarata a bar su su gama girma, su haura shekara ɗaya, mafi girmansu ma a ƙara musu, a kuma gyara katanga kafin nan. A Amurka aka yi binciken, ba a kan karnukanmu na gida ba, don haka likitan da ya ga karen da idonsa shi zai yanke.

Ga mai son gwaji kafin yanka, akwai hanya ta uku, kuma nan ne batun a saki a tsaya ya dawo. Fituwitari ba ya amsa GnRH sai in yana zuwa yana ɗaukewa. In aka dasa wa kare ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai sakin kwaikwayon homon ɗin babu tsayawa, da farko testosteron zai ɗan yi sama, daga nan fituwitari ya toshe kunne, kamar mai gidan da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ba ƙaƙƙautawa har ya daina fitowa. Maganin sunansa desilorelin, ana sayar da shi da sunan Suprelorin. Ƙaramin yana kai aƙalla wata 6, babban wata 12, kuma sai bayan kimanin mako shida zuwa takwas kare ke daina iya yi wa karya ciki. In ya ƙare, haihuwa na dawowa. Yana da tsada, ba kuma kowane asibiti ke ajiye shi ba, amma yana nuna wa mai kare yadda halin dabbarsa zai kasance kafin ya yanke hukuncin da ba a warwarewa.

Wanda ba shi da kare ma abin ya shafe shi

Karya tana ɗaukar ciki na kwana 63, ta zubo shida ko takwas, namiji ɗaya kuma da aka sake yana iya zagaye unguwa guda cikin shekara. 'Ya'yan da babu mai so su ne ke tashi a bola da kangwaye, su ne ke tare almajiri da ɗan makaranta da mai fita sallar asuba. Saboda haka mai unguwa da maƙwabta suna da bakin magana a kan karen da ake saki da dare. Sai dai kada a ɗauka fiɗiya ta maye gurbin rigakafi. Fiɗiyayyen kare ma yana kamuwa da hauka in an cije shi. Allurar rigakafin, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke cikin masu yin ta, ita ce katangar gaske, kuma masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki kafin cutar ta daina yawo a tsakaninsu.

Maƙwabcin nan nawa ya kai nasa aka yi masa duka biyun, rigakafi da fiɗiya, bayan raunin cinyar ya warke. Likitan ya ja masa kunne cewa ya tsare shi na wasu makonni, domin ragowar maniyyin da ke cikin bututu na iya yin ciki ko bayan an cire maraina, ya kuma rage masa tuwo. An kwashe tulin bulon daga jikin katanga. Har yanzu yana ɗaga ƙafa a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kuma daren jiya da mai kwasar bola ya tsaya da kurarsa a bakin ƙofar, haushinsa ne ya tashe ni.